Rumfa Domin Masu Jiran Ɗaukewar Ruwa

Mai girma shugaban wannan taro, Don Aparicio Ferreira. Mai girma magajin garinmu tare da 'yan majalisarsa. Fada mai kula da cocinmu. Likitoci da ma'aikatan jinya da suka baro aiki suka zo. Shugabannin ƙungiyar makiyaya, waɗanda suka ba mu aron wannan zaure. Masu gonaki da masu shaguna. Mahayan karkara da suka taso tun da sanyin safiya, suka ɗaure dawakinsu a bakin shinge. Iyaye mata da iyaye maza da suka turo keken marasa lafiya a kan tsakuwa har suka iso. Da ku kanku mahayanmu da ke zaune a sahun gaba, waɗanda dominku aka taru: ina gaishe ku ɗaya bayan ɗaya, ina yi muku barka da zuwa.

Ina godiya ga waɗanda suka tsaya a bakin wuta suna gasa mana nama, hayaƙi na cin idanunsu. Ina godiya ga gidan da ya ba da ɗan maraƙin da za a yi gwanjonsa in an jima, da matan da suka soya waina, da masu jita da suka ce yau kyauta za su kaɗa. Ina godiya ta musamman ga Mirta, ma'aikaciyar gashin ƙashi ta asibitinmu, wadda ta kafa filin dawakin nan na jinya, wadda kuma ta matsa mini sai na tsaya a gabanku yau, duk da na gaya mata ni ba mai magana a taro ba ce.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Nélida Techera. Ɗinki ne sana'ata. Ni ce matar marigayi Heber Olivera. Abubuwa uku na zo da su, na farkon kuwa shi ne mai tsawo, don haka ku yi haƙuri da tsohuwa.

Abu na farko, ina so ku san abin da doki yake yi wa mutumin da duniya ta daina leƙowa.

Da yawa a cikinku sun san Heber. Fiye da shekara arba'in ya yi a kan sirdi, yana kiwon shanun wasu, yana horar da dawakin wasu. Dokin da ya gagari kowa, shi ake kai wa. Ba shi da yawan magana, amma in ya zauna a bakin wuta da ƙoƙon shayinmu na mate a hannu, ba a rasa mutane kewaye da shi. Wata safiya yana ɗaura sirdi sai ya faɗi a gefen dokinsa. Shanyewar ɓarin jiki, in ji likita. Ta ɗauke masa hannun dama da ƙafar dama, ta kuma ɗauke masa magana. Gidan da muke ciki na mai gona ne, gidan ma'aikaci kuwa na mai aiki ne, sai muka tattara muka dawo ƙarshen gari, wani ɗan gida mai taga ɗaya da ke kallon titi.

Da farko an zo dubiya, ban ce ba a zo ba. Abokan aikinsa sun zo, sun cire huluna, sun zauna. Na tuna da ɗaya daga cikinsu, ba zan kama suna ba, mutumin kirki ne, tare suka yi ƙuruciya. Ya ce, "To, abokina, yaya jikin?" Heber ya buɗe baki, ya yi ta ƙoƙari, jijiyar wuyansa ta miƙe, amma abin da ya fito ba magana ba ce. Mutumin ya sunkuyar da kai, ya yi ta juya hularsa, can sai ya waiwayo gare ni ya ce, "Doña Nélida, yana jin abin da ake faɗa kuwa?" Na ce, "Ga shi nan a gabanka, tambaye shi mana." Bai tambaye shi ba, bai kuma sake dawowa ba. Ban riƙe shi a zuciya ba, ban riƙe kowa ba. Zama da wanda ba ya mayar da magana yana da nauyi. Na sani, domin ni na zauna.

'Yarmu ɗaya, Silvana, tana aiki a Sifen. Duk Lahadi takan bugo waya ta ce, "Mama, sa masa a kunne." Sai in riƙe masa, ta yi ta ba shi labarin yara, shi kuwa yana numfashi. In ta gama ta ce, "Ya ji, Mama?" In ce, "Ya ji, 'yata." Daga nan gidan ya koma shiru har wata Lahadin.

Kun san mate ba abin shan mutum ɗaya ba ne. Ana zubawa ne a miƙa, a sha a dawo da ƙoƙo, hira na tafiya. Nakan dafa ruwa, in zuba, in miƙa masa, ya kawar da kai, don ba ya so in ga yana zubo masa ta gefen baki. Sai in sha ni kaɗai. Mu biyu ne a ɗaki, amma ban taɓa sanin kaɗaici irin na wannan lokaci ba. Shi yana kallon titi, ni ina kallon bayansa, keken ɗinki ne kawai ke magana a gidan.

Ana nan sai Mirta, da take zuwa tana motsa masa gaɓoɓi, ta ce, "Doña Nélida, ki kawo mana shi filin dawaki ranar Alhamis." Na ce, "Yarinya, kin san ko wane ne wannan kuwa? Mutumin da ya karya taurin kan ingarmu za ki ɗora a kan dokin yara?" Ta ce, "Ki dai kawo shi."

Na kai shi. Ya ga gadar katakon da ake tura keke a kai don a kai mutum daidai bayan doki. Ya ga tsohuwar goɗiyar nan mai ƙaton ciki da muke kira Mora, tana gyangyaɗi a tsaye. Ya ga mutum ɗaya riƙe da ragama, biyu kuma suna jira a gefe don su tallafe shi. Da aka miƙo masa hular kwano, sai ya karɓa da hannun hagu, ya yi jifa da ita har ta bugi shinge. Da muka koma gida ya juya fuska bango, ya ƙi abinci. Na yi fushi da Mirta, na gaya mata ta kunyata mini miji a gaban mutane. Ba ta yi musu ba. Ta ce, "Kada ya hau. Ki kawo shi kallo kawai."

Zan gaya muku gaskiya, da na sake tura kekensa zuwa filin, ba dominsa kaɗai na yi ba. Na ga mata a bakin shingen nan suna miƙa wa juna ƙoƙo, ina kuwa marmarin in ji wani ya kira sunana.

Haka muka yi ta zuwa, shi a gefe, fuska a ɗaure, hula a kan ido. To, a cikin mahayan akwai Lourdes. Ga ta nan a sahun gaba tana ɗaga muku hannu. An haife ta da irin lalurar da ke sa mutane su riƙa yi mata magana kamar ƙaramar yarinya alhali ta haura talatin, amma ku tambayi duk wanda ya san ta, babu mai bakinta a garin nan. Wata Alhamis ta sauko daga kan Mora, ta tako har gaban Heber, ta riƙe ƙugu ta ce, "Kai tsoho, kullum kallo? An ce wai kai babban mahayi ne. Ni dai ban gani ba, a zaune nake ganinka."

Uwarta ta ce, "Lourdes! Ba ki da kunya? Zo nan!"

Ta ce, "Ƙyale ni, Mama, hira muke yi." Ta sunkuya ta leƙa ƙarƙashin hularsa. "Tsoro kake ji, ko? Ba komai, ni ma na yi kuka ranar farko. Mora ba ta cizo, ba ta harbi. Tusa kawai take yi, ita ma in ka saba shi ke nan."

Kowa ya zuba wa Heber ido. Ni kuwa na riƙe numfashi, don na san zuciyar mijina. Sai na ga kafaɗarsa tana rawa. Na ɗauka kuka ne. Ashe dariya ce, dariya karkatacciya da rabin baki, wadda rabona da ji tun kafin ya faɗi. Tun da ciwon ya same shi kowa lallaɓa shi yake yi, kowa tausayi, kowa sannu. Lourdes ce ta fara tsokanarsa kamar yadda ake tsokanar namiji mai lafiya. Ya bugi hannun keken da tafinsa, ya nuna gadar katako.

Ba zan yi muku ƙarya in ce ya hau da kyau ba. Mutum uku suka ɗora shi kamar buhu, ya karkace gefe, Mirta na tallafe da bayansa, gumi na zubo masa. Na kawar da kai don kada in gani. Amma da goɗiyar ta fara tafiya, a hankali, a hankali, sai jikin nan da ya manta komai ya fara tunawa. Ƙugunsa ya bi tafiyar, bayansa ya miƙe, haɓarsa ta ɗaga. Da suka zo kwana Mora ta tsaya, kamar yadda ta saba in ta ga dama. Mai riƙe da ragama bai kai ga jan ta ba, sai muka ji 'yar ƙarar nan da mahaya ke yi da harshe. Bayanta kuma, da murya shaƙaƙƙiya kamar ƙofar da ta daɗe a rufe, muka ji ya ce, "Mu je."

Ta kuwa tafi.

Jama'a, wannan ita ce kalmar farko da na ji daga bakin mijina tun ranar da ya faɗi. Ba ni ya faɗa wa ba, goɗiya ya faɗa wa, amma na tsuguna a bakin shingen nan na yi kuka har uwar Lourdes ta rungume ni.

Kada wani ya fita daga nan ya ce Nélida ta ce doki na warkar da shanyewar jiki. Bai warke ba. Hannun bai dawo ba, ƙafar ba ta dawo ba. Kalmomin da ya samu ba su wuce na doki ba: mu je, tsaya, sannu. Sunana kuwa bai sake faɗarsa ba har ya bar duniya. Amma ya koma cin abinci. Ya koma zama a miƙe. Ran Alhamis tun da safe zai nuna mini reza in yi masa aski, ya nuna ɗankwalin wuyansa ja in ɗaura masa. Ya sami inda ake jiransa, inda in ya makara za a ce, "Ina tsohon nan yake?" Ni ma na sami wurin zama a bakin shinge, inda ƙoƙo ke zagayowa ya iso hannuna.

Akwai rana ɗaya da nake so ku sani. Ni matar mahayi ce, amma tsoron doki nake yi tun ina yarinya, ban taɓa hawa ba ko sau ɗaya. Wata rana da aka sauko da shi aka mayar da shi keke, sai ya ƙi sakin ragamar Mora. Ya nuna ni, ya nuna sirdi. Na ce, "Tsoho, ka haukace? Da tsufana zan karya ƙugu?" Ya sake nunawa. Lourdes ta yi tsalle tana cewa, "Tsohuwa na jin tsoro! Tsohuwa na jin tsoro!" Mirta ta ce, "Doña Nélida, yau kam ba ki da mafita." Suka ɗora ni, na ƙanƙame gezar goɗiyar ina kiran sunayen duk waliyyan da na sani. Aka tura kekensa a gaba, ragama na hannunsa na hagu, ya ce, "Mu je." Muka zagaya filin, shi a ƙasa yana jan doki, ni a sama ina ihu. Yana ta waiwayowa yana duba zamana, yana nuna mini da haɓa in saki kafaɗa. Tun da ya kwanta ni ke ɗaga shi, ni ke wanke shi, ni ke ba shi a baki. Ran nan shi ne ke kula da ni. Da na sauko ya kama hannuna ya daɗe bai saki ba.

Wannan ya kawo ni ga abu na biyu, wanda dominsa aka gasa naman nan.

Filinmu ba shi da rufi. Kun san hunturun ƙasar nan: in ruwa ya kama sai ya yi ta zuba, ƙasa ta zama taɓo har idon sawu, iskar kudu ta shiga ƙashi. Lafiyayyen mahayi ya yafa bargo ya fita abinsa. Amma ba a ɗora mai rabin jiki a kan dokin da ke santsi, ba a fitar da mai raunin ƙirji cikin ruwa. Don haka duk hunturu sai a rufe filin, kowa ya koma ɗakinsa. Abin da jiki ya koya a watannin rana sai ya zube a watannin ruwa, abin da zuciya ta samu shi ma ya bi shi.

Hunturun bara ya yi tsawo. Duk Alhamis Heber zai nuna reza, in yi masa aski, in ɗaura masa ɗankwalin, in tura shi bakin taga. Ya dubi sama, ya dube ni. In ce, "Ba yau ba, tsoho. Sai mako mai zuwa." Mako mai zuwa ma haka. A hankali ya daina nuna rezar. A hankali ya koma barin abinci a kwano. Sanyi ya kama masa ƙirji a watan Agusta, ya rasu ana ruwa, kafin filin ya bushe.

Ban ce da akwai rumfa da bai mutu ba. Wannan ba a hannuna yake ba, ba kuma a hannunku ba. Abin da na ce shi ne, da akwai rumfa, da watanninsa na ƙarshe ba a bakin taga ya yi su ba. Ga wani hunturun ya ƙarato, ganye ya fara zuba. A cikin garin nan da ƙauyukan da ke kewaye akwai gidajen da za a rufe ƙofofinsu har sai bazara: yarinyar da ba ta iya riƙe wuyanta sai a kan doki, saurayin da babur ya karya wa baya, uwar da ba ta da wanda za ta yi wa magana in ba a bakin shingen nan ba. Ginshiƙai muke nema da kwanon rufi da yashi. Ba gini mai ƙawa muke roƙo ba, inuwa ce kawai da ruwa ba zai ratsa ba. Mai ƙarfe ya ba da ƙarfe, mai mota ya ɗauko yashi, mai ciyawa ya tuna da Mora da 'yan'uwanta, don su ma ba iska suke ci ba. In an fara gwanjon maraƙin nan, ina roƙonku ku yi gardama a kansa kamar yadda kuke yi a kasuwar shanu, kada ku ji kunyar juna.

Abu na uku ba ya buƙatar aljihu, amma shi ya fi wuyar bayarwa.

Ranar da rana ta fito aka sake buɗe filin, na tashi na sa takalmi na fita, ban san dalili ba. Ba ni da wanda zan tura. Hannuwana sun rasa abin riƙewa a hanya, har na rasa yadda zan yi da su. Na tsaya daga nesa ina kallo. Lourdes ta hango ni daga kan doki ta ce, "Tsohuwa, ina tsohon? Ya makara!" An gaya mata, amma ta manta, ko kuma ba ta yarda ba. Na ce, "Ya tafi, Lourdes. Ba zai dawo ba." Ta daɗe tana kallona. Sai ta ce, "To ke me kike yi a can ke kaɗai? Zo ki riƙe mini ƙafa." Na je na riƙe. Tun daga ranar ban fasa ba.

Kowane mahayi namu sai da mutum uku: ɗaya a gaba da ragama, ɗaya a dama, ɗaya a hagu. In babu ukun nan, ko da doki, ko da rumfa, ba mai hawa. Ba ilimi ake nema ba, ba ƙarfi ake nema ba. Tsohuwa mai ciwon gwiwa ma tana yi. Tafiya ce kawai a gefen mutum, hannunka a kan ƙafarsa, don ya san in ya karkata akwai wani. Ku da kuka tashi a cikin dawaki, ku da kuka ajiye aiki kuna zaune a gida rediyo na yi muku surutu, ku da kuka taɓa tsayawa a ƙofar mara lafiya kuka rasa abin faɗa kuka juya: a nan ba a buƙatar ku faɗi komai. Ku zo da ƙafafunku kawai.

Ranar Alhamis mai zuwa za a kawo mana wata baiwar Allah daga unguwar bayan gada, sunanta Zulma. Malamar makaranta ce a da, wataƙila ta koyar da 'ya'yan wasunku. Ciwo ya cinye mata ƙarfin ƙafafu, ta yi shekaru ba ta ƙetare ƙofar gidanta ba. Mirta ta daɗe tana lallashinta, sai a makon nan ta ce to. Mora na nan. Mirta za ta riƙe ragama. Ni zan tsaya a dama. Hagu har yanzu babu kowa.

Allah Ya saka wa duk wanda ya bayar, da wanda ya so ya bayar bai samu ba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ƙarfafa hannuwan da ke ɗaga su. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya sa kada wani a garin nan ya tsufa babu mai ƙwanƙwasa masa ƙofa. Allah Ya ba mu ruwa mai albarka a gonaki, Ya ba mu rufi a kan filinmu kafin ya sauko. Allah Ya mayar da kowa gidansa lafiya, na kan doki da na kan keke da na ƙasa.

Na gode.